Minti Takwas a Saman Ruwan New York: Karon Jirgin Ɗaukar Hoto da Helikwaftan Soja

Ranar Alhamis 21 ga Satumba, 2017, rana ta faɗi da kamar minti 25, wasu jirage masu saukar ungulu guda biyu na sojan Amurka, ƙirar Black Hawk, suna tafe ƙasa-ƙasa a saman ruwan da ke tsakanin Brooklyn da tsibirin Staten a birnin New York. Makon babban taron Majalisar Ɗinkin Duniya ne, shugabannin ƙasashe sun cika gari, jiragen kuma aikin da ya shafi tsaron taron ne ya kawo su. Sun gama zagayensu, sun juya za su koma filin jirgi na Linden da ke jihar New Jersey. Dab da wani ɗan tsibiri da babu mai zama a kansa, sunansa Hoffman, sai matuƙin jirgin gaba ya hangi wani farin abu a gabansa. Ya yi wuf ya yi ƙasa da jirgin, amma lokaci ya riga ya ƙure. Abin ya bugi ɗaya daga fikafikan babbar farfela, ya tarwatse.

Allah ya taƙaita, babu wanda ya ji ko ƙwarzane a cikin jirgin, ya kuma kai Linden ya sauka lafiya. Da aka duba shi, sai ga lotsawa mai faɗin inci ɗaya da rabi a bakin fiffiken, ga tsagewa a jiki kusa da taga, ga tarkace a cikin fankar da ke sanyaya man inji. An kuma tsinci wani ɗan ƙaramin inji manne da guntun hannun roba. Na jirgi maras matuƙi ne, irin na ɗaukar hoto, Phantom 4 na kamfanin DJI, wanda a lokacin kowa zai iya shiga kanti ya saya.

Hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka, NTSB, ta fitar da rahotonta a watan Disamba na shekarar. Wannan ne karo na farko da aka tabbatar a Amurka cewa irin wannan ƙaramin jirgi ya yi karo da jirgin da ke ɗauke da mutane. Abin da ya sa lamarin ya cancanci a zauna a kansa shi ne babu mugu a cikinsa. Mai jirgin ba ɗan ta'adda ba ne, bai fito da niyyar cutar da kowa ba. Ƙaramin jirgin ma bai samu wata matsala ba, ya yi duk abin da aka umarce shi, daidai yadda aka ƙera shi ya yi, har zuwa daƙiƙar ƙarshe.

Jirgin da mai shi

Kamfanin DJI, wanda Frank Wang ya kafa a 2006, yana birnin Shenzhen na ƙasar Sin. Phantom na farko ya fito a farkon 2013, shi ne kuma ya fitar da harkar daga hannun masu haɗa jirage a gareji ya miƙa ta ga kowa. Phantom 4 ya shigo kasuwa a Maris 2016 a kan dala 1,399. Nauyinsa giram 1,380, batirinsa kan kai minti 28 a sama idan yanayi ya yi kyau, yana iya gudun kilomita 72 a awa, rimot ɗinsa kuma, bisa ƙa'idar ƙarfin rediyo ta Amurka, zai iya riƙe shi daga nisan kilomita 5. Yana kama taurarin ɗan'adam na GPS da na GLONASS, shi ya sa ko an saki sandunan rimot yake tsayawa cak a inda yake. Abin da aka fi tallata shi da shi a lokacin shi ne wasu idanu biyu a goshinsa masu hango bango ko itace su taka masa birki.

Mai shi kuwa magidanci ne da ke tuƙa jirgin don nishaɗi. Ba sabon shiga ba ne, ya yi kamar shekara biyu yana harkar, ya kuma mallaki wasu jiragen kafin wannan. Ba shi da takardar shaidar tuƙi daga hukumar sufurin sama ta Amurka, FAA, doka ma ba ta wajabta wa mai nishaɗi ita ba a wancan lokaci. Karatunsa na tuƙi bai wuce darussan da ke cikin manhajar jirgin ba. Ya faɗa wa masu bincike cewa ya san ba a kusantar filin jirgi, ya san ba a wuce ƙafa 400 a sama, ya kuma san jirage masu saukar ungulu suna yawan wucewa ta wurin. Ke nan ba jahili ba ne gaba ɗaya. Ya san rabi, rabin da ya sani kuma shi ya ba shi kwanciyar hankali.

Abin da ake yi a ƙasa kafin a tashi

Wanda bai taɓa haɗa irin wannan jirgi ba zai ɗauka kunnawa kawai ake yi ya tashi. Akwai aiki kafin nan, kuma ya kamata a bi shi daki-daki don a ga inda giɓin yake.

Batir uku ake cikawa: na jirgi, na rimot, da na waya ko kwamfutar hannu da za ta zama allo. Farfela huɗu ce amma iri biyu ce, biyu masu baƙin zobe, biyu masu ruwan azurfa, domin injuna biyu suna juyawa dama, biyu hagu. Idan aka sa wata a gurbin wata, jirgin kifewa zai yi maimakon ya tashi. A cire ƙugiyar roba da ke riƙe kyamara a cikin akwati, domin idan aka kunna jirgi da ita a jiki, ƙananan injunan da ke daidaita kyamarar za su yi ta kokawa da ita. A fara kunna rimot, sannan jirgi: a danna maɓalli sau ɗaya, a sake dannawa a riƙe. A haɗa allo da rimot, a buɗe manhajar DJI GO 4.

Idan manhaja ta nemi a saita kamfas, sai mutum ya ɗauki jirgin a kwance ya juya da shi zagaye guda, ya karkata hancinsa ƙasa ya sake zagaye guda. Wannan aiki ba a yin sa kusa da mota, ko ƙofar ƙarfe, ko kan kankare mai rodi a ciki, saboda ƙarfe yana rikita kamfas, jirgin da kamfas ɗinsa ya rikice kuma zai riƙa kewayawa yana faɗaɗa da'ira har ya kufce. Daga nan sai haƙuri. A jira jirgi ya kama taurari isassu, fitilun bayansa su riƙa ƙyafta kore a hankali, manhaja ta sanar cewa ta rubuta wurin da ya tashi a matsayin gida. Mai gaggawar da ya tashi kafin wannan sanarwa, idan sadarwa ta yanke, jirginsa bai san inda zai koma ba.

Sai lambobi uku da mai jirgi ke sa wa da hannunsa: iyakar tsayin da jirgi zai kai, iyakar nisan da zai yi, da tsayin da zai hau idan zai dawo gida da kansa. Na ukun ana ɗaga shi ne sama da duk wani itace, bene ko turken sadarwa da ke wurin, don kada jirgi ya dawo a miƙe ya daki wani abu. Akwai ma tsarin 'yan koyo da ke tsare jirgi cikin mita 30 ta kowace fuska.

Babu wata alama da ta nuna mutumin nan ya yi tuntuɓe a ɗaya daga cikin waɗannan. Jirginsa ya kama taurari, ya rubuta gida, ya tashi sumul, ya tafi a miƙe. Amma a lura da abu guda: duk wannan shiri lafiyar jirgi yake dubawa. Babu ko ɗaya a ciki da ke tambayar wane ne kuma yake sama a wannan yammacin, ko an ma yarda a tashi a wurin yau. Waɗannan tambayoyi biyu ba su da maɓalli a jikin rimot, kuma su ne ya tsallake.

Tashin

Ya tashi jirgin ne daga bakin ruwa kusa da dandalin Dyker Beach a Brooklyn, kudu maso gabas da gadar Verrazzano. Bayanan da jirgin ya bari a kwamfutar hannunsa sun nuna ya bar ƙasa wajen ƙarfe 7:11 na yamma, ya hau kamar ƙafa 300, wato wajen mita 90, ya miƙe kudu maso yamma ya nufi tsibirin Hoffman. Niyyarsa, kamar yadda ya faɗa, ya yi yawo a saman teku. A tunaninsa ai nan ne wurin da ya fi aminci: babu gidaje, babu taro, babu filin jirgi kusa, ga shi kuma ƙasa da ƙafa 400.

Jirgin ya yi nisan mil biyu da rabi, kilomita 4 ke nan. Daga nan mai shi ya danna maɓallin komawa gida. Jirgin ya juya ya kamo hanya. Ƙasa da minti ɗaya bayan haka, wajen 7:20, bayanan suka yanke.

Mutumin ya tsaya a bakin ruwa kamar rabin awa yana jira. Da bai ga komai ba, sai ya yanke cewa jirgin ya lalace ne ya faɗa ruwa, ya tafi gida. Bayan kwana biyar ya sayi wani. Bai san ya yi karo da jirgin soja ba sai da masu bincike suka neme shi. Wannan ne ya fi tsaya mini a rai a duk labarin: mutum ya kusa zama sanadin rayuka, bai ma sani ba, domin abin ya faru a inda idonsa da kunnensa ba sa kaiwa.

Abin da kowane ɓangare ke iya gani

Faɗin Phantom 4 daga inji zuwa inji santimita 35 ne, bai fi faifan rufe ƙwarya ba. Ido mai lafiya, da rana tsaka, abu mai wannan girma yakan zame masa ɗigo tun daga 'yan ɗaruruwan mita, kafin a kai kilomita guda da 'yan kai ya ɓace. Ko kafin ya ɓace ma, akwai nisan da mutum zai ga ɗigon amma ba zai iya cewa ga inda hancinsa ya dosa ba, ba kuma zai iya auna ko wani jirgin da ke zuwa yana gabansa ne ko bayansa ba. A kilomita 4, bayan magariba, babu zancen gani.

To da me yake tuƙi? Da allo. A allon akwai hoton da kyamara ke aikowa, da taswira mai nuna jirgin a matsayin ɗan kibiya. Kyamarar tana kallon gaba ne ko ƙasa, faɗin ganinta digiri 94, duk abin da ke zuwa ta gefe, ta baya ko ta sama ba ya cikin hoton. Taswirar kuma ƙasa take nunawa, tituna da gaɓar ruwa, ba ta nuna jiragen da ke sama. Sannan allon ba shi da kunne. Mai tuƙin da ke tsaye kusa da jirginsa yakan ji ƙugin helikwafta tun kafin ya gan shi, ya samu sararin sauko da jirgi. Wannan jin yana cikin hikimar da ta sa aka ce jirgi ya kasance inda ido ke kaiwa, domin inda ido ke kaiwa kunne ma yana aiki. Daga kilomita 4, ko da ya ji wani ƙugi can nesa, ba shi da hanyar sanin ya shafi jirginsa.

Idanun goshin da aka tallata ma ba su da abin yi a nan. Iyakar hangensu mita 15 ne, suna kuma buƙatar haske. An yi su ne don bango da bishiya, abubuwan da ke tsaye suna jira. Ko da a ce helikwafta yana tafiyar kilomita 130 kacal a awa, yana cin mita 36 a daƙiƙa guda, wato mita 15 ɗin nan zai shafe su cikin ƙasa da rabin daƙiƙa.

Su kuma sojojin, suna neman ɗan farin abu maras wata fitila mai ƙarfi, a saman ruwa, duhu yana shigowa. Matuƙin ya gan shi, ya kuma yi abin da zai iya. Ba a ɗora masa laifi ba, bai kamata ma a ɗora ba.

Sai batun ƙafa 400, wanda a ganina nan ne mutane da yawa ke yin gurguwar fahimta. An ce ƙaramin jirgi kada ya wuce ƙafa 400 ne saboda jiragen sama masu fikafikai galibi ba sa sauka ƙasa da ƙafa 500 sai wurin tashi da sauka. Amma doka ta bai wa jirage masu saukar ungulu damar yin ƙasa da haka, aikinsu ma a nan yake: 'yan sanda, masu ceto, masu kai marasa lafiya, sojoji. A ruwan New York kuwa hanyoyinsu a ƙasa-ƙasa suke, saboda manyan filayen jirgi uku sun mamaye sararin da ke sama. Jirgin sojan yana ƙasa da ƙafa 300 lokacin karon, kuma yana kan haƙƙinsa. Ƙasa da ƙafa 400 ba fili ne da aka ware wa masu ɗaukar hoto ba, wuri ne da aka yarda su shiga bisa sharaɗin su ne za su kauce. Wanda bai ga jirginsa ba kuwa ba zai iya kaucewa kowa ba.

Maɓallin komawa gida ya cancanci a ɗan tsaya a kansa, domin shi ne ke ba mutane ƙarfin halin yin nisa. A Phantom 4 hanya uku ce ke tayar da shi: mai jirgi ya danna da kansa, batir ya yi ƙasa har jirgi ya lissafa cewa abin da ya rage na dawowa ne kawai, ko sadarwa ta yanke na 'yan daƙiƙoƙi. A duka ukun abu ɗaya yake yi. Idan yana ƙasa da tsayin da aka saita sai ya hau, idan yana sama da shi sai ya zauna inda yake, ya juya hanci gida, ya taho a miƙe. Ba ya waiwaye, ba ya sauraro. Dabara ce mai kyau, ta ceci jirage masu yawa daga ɓata, amma dukiyar mai jirgi take karewa. A daren nan jirgin yana tsakiyar wannan aiki ne, shi kaɗai, ya ratsa hanyar sojoji.

Haramcin da bai sani ba

Ko da jirgin bai yi nisan mita goma ba, bai halatta ya tashi a wurin ba a wannan rana. FAA ta sa haramcin wucin gadi a sararin yankin saboda taron Majalisar Ɗinkin Duniya da kuma zirga-zirgar shugaban ƙasar Amurka, haramcin kuma ya haɗa da ƙananan jirage irin nasa. Ana wallafa irin wannan sanarwa a fili, a lokacin FAA ma tana da manhajar kyauta mai suna B4UFLY, wadda ta fitar a 2016 don ainihin wannan bukata. Shi dai bai san da irin wannan haramci ba. Abin da ya dogara da shi shi ne manhajar jirgin: idan wuri haramtacce ne za ta faɗa masa, ko ma ta hana injuna tashi. Tunda ba ta ce komai ba, ya ɗauka hanya a buɗe take.

Ba daga sama ya samo wannan tunani ba. A lokacin DJI na da wani tsari mai suna GEO da ke yi wa filayen jirgi da wasu wurare shinge a cikin taswirar jirgin. Bayan da wani Phantom ya faɗi a harabar Fadar White House a Janairu 2015, kamfanin ya toshe birnin Washington a manhajarsa. Wanda ya saba ganin jirgi yana ƙin tashi a wasu wurare, a hankali zai fara ɗaukar shirun manhaja a matsayin izini. Sai dai filin jirgi yana nan kullum, haramcin wucin gadi kuwa yau ne, gobe babu. Kafin manhaja ta san da shi sai ta samu intanet. Kwamfutar hannun mutumin nan ba ta da layin data, sai an haɗa ta da Wi-Fi, a bakin ruwa kuma babu. Bincike ya ƙara gano cewa a wancan lokaci sashen GEO da ke nuna haramcin wucin gadi yana da tangarɗa ga wasu masu amfani da shi, sai daga baya kamfanin ya gyara. NTSB ta nuna cewa tsarin na ba da shawara ne kawai, nauyin bincika sarari yana wuyan mai tuƙi.

Yadda aka kai gare shi kuwa bai ɗauki wani dogon aiki ba. Injin da aka tsinta a jikin helikwaftan yana ɗauke da lambar ƙira, DJI ya bi lambar a kundinsa na ciniki, aka samu wanda ya saya. Ya ba da haɗin kai, ya miƙa bayanan tashinsa. A ciki aka ga cewa ba a wannan tashin ya fara ba: akwai tashin da ya wuce ƙafa 500, a nisan da da wuya ido ya kai.

Hukuncin NTSB gajere ne. Sanadin karon shi ne mai ƙaramin jirgin ya kasa gani ya kauce wa helikwaftan, saboda da gangan ya kai jirginsa inda ba ya ganinsa. Abin da ya taimaka kuma shi ne ƙarancin saninsa game da dokoki da hanyoyin tuƙi cikin aminci.

Na yarda da wannan hukunci, amma ina ganin akwai saura. An sayar wa mutum jirgi an rubuta a kwali cewa yana kai kilomita 5, alhali doka ta tsare shi a inda idonsa ya tsaya, wanda bai wuce kamar kashi ɗaya cikin biyar na wannan nisa ba. An koya masa yadda ake ɗaura farfela da saita kamfas dalla-dalla, da hotuna, amma ba wanda ya zaunar da shi ya tambaye shi ko ya san abin da ake kira haramcin wucin gadi kafin a bar shi ya tashi. A watannin da abin ya faru ma, rajistar da FAA ta wajabta wa masu nishaɗi tun Disamba 2015 wata kotu ta soke ta a Mayu 2017, sai a Disamba majalisa ta dawo da ita. Sauƙin tuƙin jirgin ya yi wa ilimin mai tuƙin nisa ƙwarai. A da, mai jirgin wasa yakan yi watanni yana faɗuwa yana gyarawa a filin ƙungiya, a gaban waɗanda suka riga shi, yana tsintar ƙa'idoji a bakinsu. Phantom ya share wannan zango, mutum ya ƙware a yini guda, shi kaɗai. Wannan ba ya wanke mai jirgin, domin ya san helikwafta na bin wurin kuma ya tura jirginsa duk da haka. Amma ba shi kaɗai ya gina wannan yanayi ba.

Kada kuma a raina abin don ɓarnar ba ta yi yawa ba. Wani nazari da FAA ta ɗauki nauyinsa, wanda aka fitar a Nuwamba 2017, ya nuna cewa ƙaramin jirgi yana yi wa babban jirgi illa fiye da tsuntsu mai nauyi ɗaya da shi, saboda tsuntsu nama ne, shi kuwa yana ɗauke da injunan ƙarfe da dunƙulen batir. Black Hawk jirgin yaƙi ne da aka ƙera don ya jure duka. Da ƙaramin helikwaftan farar hula ne, ko da abin ya sami gilashin gaba ko farfelar wutsiya, ba lallai a ba da labarin haka ba. Makonni uku bayan wannan, ranar 12 ga Oktoba, wani ƙaramin jirgin fasinja ya yi karo da jirgi maras matuƙi yana shirin sauka a birnin Quebec na Kanada. Shi ma ya sauka lafiya.

Abin da ya biyo baya

Ba wannan karon kaɗai ya sauya dokoki ba, amma sauye-sauyen sun bi ta kan giɓin da ya tona. A Oktoba 2018 majalisar Amurka ta soke sashen dokar 2012 da ya ɗaure hannun FAA game da masu tuƙin nishaɗi. Daga Yuni 2021 kowane mai nishaɗi sai ya ci wata 'yar jarrabawa ta kyauta a intanet mai suna TRUST, abin da take koyarwa kuma shi ne ainihin abin da mutumin nan ya rasa. Daga baya aka wajabta wa jiragen da ke buƙatar rajista su riƙa watsa lambar shaidarsu da inda suke yayin da suke sama, ta yadda ba sai an tsinci inji a jikin helikwafta kafin a san mai shi ba.

Irin waɗannan jirage su ne ke shawagi a saman bukukuwa, hawan salla da wuraren ɗaukar fim a ƙasar Hausa, da allo iri ɗaya da maɓallin komawa gida iri ɗaya. A Najeriya, tun Mayu 2016 hukumar kula da sufurin sama ta ƙasa, NCAA, ta sanar cewa ba a tashin jirgi maras matuƙi sai da izininta da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Wannan sharaɗi ba ya fitowa a allo, jirgi zai tashi lafiya lau ko da izini ko babu. Filin jirgin Malam Aminu Kano kuma a cikin gari yake, unguwanni sun kewaye shi, ga jiragen soja masu saukar ungulu da ke yawo ƙasa-ƙasa a jihohin da ake fama da matsalar tsaro.

Shi ma DJI ya yi nasa gyaran. A Mayu 2019 ya yi alkawarin cewa sabbin jiragensa da suka wuce giram 250, daga 2020, za su zo da na'urar AirSense, mai kama saƙon da manyan jirage ke watsawa game da inda suke, ta gargaɗi mai tuƙi a allo. Taimako ne na gaske, sai dai jirgin da ke watsa saƙon kawai take ji, ba kowane jirgi ke watsawa ba, alkawarin kuma bai shafi ƙananan nan masu giram 249 da suka fi yawa a hannun 'yan koyo ba. A Janairu 2025 kamfanin ya cire shingen GEO a Amurka. Wuraren da a da jirgi ke ƙin tashi a cikinsu, yanzu manhaja gargaɗi kawai take nunawa, mai tuƙi ya danna cewa ya gani, injuna su tashi.